Saloma Ta Tafi Wasagu

Masu karatu, ku gyara zama, amma wanda ya zo neman dariya yau ya yi haƙuri. Sunana Saloma, 'yar fari a gidan Dawuda tsohon soja, a wata unguwa da ke gindin dutse tsakanin Zuru da Dabai. Abin da zan ba ku ya faru ne a daminar shekarar da aka ce Sarauniyar Ingila ta sauka Kaduna, shekarar da Baba ya yi ta goge lambobinsa na yaƙin Bama da toka, alhali ko kare bai gayyace shi ko'ina ba.

Tun ina ƙarama akwai wata tsiya da ake yi mini a gida. Ina cikin tuƙa tuwo, ko ina tsefe kan ƙanwata Rachel, sai in ji wani ƙauri kamar ana babbaka kaza, wani abu ya taso daga cikina ya hau ƙirji, shi ke nan. Abin da zan farga da shi, tuwo ya kama, ko Rachel na ture hannuna wai ina ta murza mata gefen zane. Sai Inna, Monica, ta yi dariya ta ce, “Ku ƙyale ta, Saloma ta tahi Wasagu.” Ban taɓa taka Wasagu ba. Wata gwaggona ce ke aure can, wai ina yarinya kullum ina kukan a kai ni. Maganar ta bi ni har coci, har rafi, kowa ya ɗauka ni mai yawan tunani ce, ni ma na ɗauka haka Allah ya yi ni. Akwai kuma wani tabon ƙuna a cinyata ta hagu, mai faɗin tafin hannu, wanda Inna ta ce ƙiriniya ce ta kai ni murhu. Ku riƙe waɗannan biyun, za mu dawo kansu.

Saurayina Haggai ne, mutumin Dabai. A wajenmu ba a sayen mace da baki. Saurayi zai yi golmo, wato ya zo da sa'o'insa su yi wa uban yarinya noma damina bakwai, kafin a ce ga matarka. Haggai ya yi shida, yana cikin ta bakwai. Baƙi ne, ba shi da tsawo, wuyansa kamar turmi, ga wushirya. Ɗan kokawa ne da duk ƙasar nan aka san bayansa bai taɓa shan ƙasa ba, kuma ya san an sani, don haka tafiyarsa ma ta isa ta ba mutum haushi. Ina son sa. Ba zan yi muku kwana-kwana ba, ina son sa har in na ji ƙarar garmarsa a gona nakan gane ta cikin ta mutum goma.

“Saloma, kunun ga naki ruwa ne anka nuna ma gero daga nesa?”

“In bai yi ma ba, aje. Akwai masu so.”

“Su wa? Hwaɗa min sunansu in kada su gaban uwayensu.”

Hirarmu ke nan kullum, ba mu iya wata ba.

A bikin Uhola na bara, bayan an kai amfani gida, ya kama da wani ƙato daga Sakaba. Ya ɗaga shi ya kayar, amma suka tafi tare, gefen kansa na hagu ya daki wani dutse da ke ɓoye cikin rairayi. Ya ɗan suma, ya tashi, aka ɗaga hannunsa, aka yi guɗa, aka shafa masa magani a wurin. Duk rani yana cewa kansa na sara, ni kuma ina ce masa girman kai ne ya yi masa nauyi.

Ranar da abin ya faru ana huɗar dawa a gonar Baba. Na ɗaura sabuwar atamfata, shuɗiya mai zanen ganye, wadda Haggai ya sayo mini a kasuwar Zuru, na sa tsakiya ja a wuya, na ɗauki ƙwaryar kunu. Wace mai hankali ke kai kunu gona da sabuwar atamfa? Ni, don ina so a gani. Ina isowa bakin gona na hango shi ya tsaya cak a tsakiyar kunya yana kallon hannunsa na dama. Babban yatsansa ke motsi shi kaɗai. Motsin ya hau hannu, ya hau kafaɗa, bakinsa ya karkace. Ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin mutum ba, ya sandare, ya faɗi ta baya.

Mazan nan da suka yi damina shida suna cin tuwo a akushi ɗaya da shi, sai ga su sun watsar da garemani suna tsallake kunyoyi. Ɗayansu ya juyo yana ɗaga mini hannu.

“Saloma, kak ki matsa. Kumfa ta hito. Wanda duk yawun nan yat taɓa ya kamu.”

Na ji shi sarai. Ni ma da wannan maganar na tashi, cewa mai farfaɗiya ba a taɓa shi, ba a shan ruwa a inda ya sha, ba a tsallake inda ya faɗi. Amma kansa na dukan bakin garma, jini na fita. Na yar da kunun, na durƙusa, na ɗora kansa a cinyata. Jikinsa na fizga, idonsa ya juye, leɓɓansa sun yi baƙi, kumfa da jini suna zuba a kan atamfar. Ban san tsawon lokacin ba. Da farfaɗiyar ta sake shi sai ya hau minshari, ya jiƙa wandonsa. Da ya buɗe ido bai san ni ba, can kuma ya sani, ya dubi jikinsa, ya dubi abokansa da ke can gindin ɗorawa, ya juya fuska.

Baba ya iso da gajeren wandonsa na kaki da ɗamarar soja. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya sa aka tara ciyawa aka ƙone wurin da Haggai ya kwanta. Ni kuma aka tsayar da ni bayan rumbu, Inna ta miƙo mini tsohon zane a kan sanda, aka jefa atamfata cikin wuta. Aka ba ni toka da sabulun salo na yi wanka har fatata ta yi zafi. Daga ranar aka ware mini ƙwarya, aka ɗaura mata jan zare don kada wani ya yi kuskure. Rachel da muke kwana tabarma ɗaya aka mayar da ita ɗakin Inna.

Tun da Baba ya dawo daga soja Hausa ake yi a gidanmu, yarenmu sai in za a yi gulma ko maganar da ba a so bango ya ji. Da Hausa ya yanke hukuncin, a tsakar gida, yana kallon sama da kaina.

“Golmo ya ƙare. Yaron ga kas shi sake taka gonata.”

“Baba, damina shidda yay yi.”

“Ko sittin yay yi. Ba ni ba da ɗiyata ga wanda za shi hwaɗa wuta shi bar ta da goyo.”

“In ni ce nih hwaɗi fa?”

Inna da ke tankaɗe ta saki rariya. Na ɗauka tsoron Baba ne. Baba ya dube ni a karon farko, ya ce in tashi in ba shi wuri.

Labari ya riƙa iso mini daga Dabai ta bakin mata a rafi, kowacce da nata ƙarin gishiri. Wai an yi wa Haggai bukka a bayan gidansu, ana tura masa tuwo a sakaina. Wai ta sake kayar da shi a bakin rijiya, mutane suka daina ɗiban ruwan. Wasu na cewa mutumin Sakaba ne ya yi masa jifa, wasu na cewa laifin dangin nasa ne da suka bar tsafin kakanni suka bi coci. Matan da ke ba ni labarin kuwa suna yi suna ja da baya, kowacce ta rufe bakin tulunta da hannu. Haushi ya hana ni cin abinci, tunani ya hana ni barci.

Ranar kasuwar Zuru na ce zan kai gyaɗa. Na tsaya a mararraba har na hango shi yana tahowa shi kaɗai, ya rame, ya yafa tsohon bargo da rana tsaka. Da ya gan ni sai ya sauka daga hanya ya shiga ciyawa.

“Tsaya can, Saloma.”

“Ba ni tsayawa. Ɗakin magani za mu.”

“Wanga ba ciwon asibiti ba ne.”

“To na mi ne? Kai da ba ka tsoron ƙato, allura kaka tsoro?”

Ya ɗan yi murmushi, wushiryar ta leƙo ta koma. Ya biyo ni, amma ya bar tazara tsakaninmu kamar mai bin gawa.

A ɗakin magani na mishan akwai wata ma'aikaciyar jinya, Theresa, mutuniyar kudancin Zariya, doguwa mai farar riga da 'yar hula, Hausarta irin ta rediyo. Ta zaunar da shi a benci, ta shafa gefen kansa har ta sami inda ƙashi ya ɗan lotsa. Ta ɗebo ruwa a kofinta na tangaran ta miƙa masa. Ya ɓoye hannuwansa cikin bargo.

“Ina da ciwo, Malama.”

“Na sani. Sha.”

Ya sha. Ta karɓa ta shanye sauran. Haggai ya sunkuyar da kai, na ga ruwa na ɗiga a kan bargon, na kawar da ido don kada ya san na gani.

Ta tambaye shi yadda abin ke farawa, ya nuna mata yatsansa na dama. Ta ce haka ne, hagun kai ke riƙe da damar jiki. Ta ce ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo ga hannu da ƙafa da harshe ta cikin jijiyoyi, kaɗan-kaɗan, kowane a lokacinsa, kamar yadda ake ɗiban garwashi daga murhu ɗaya a kai ɗaki-ɗaki. Inda dutse ya buge shi ya warke a waje, amma ya bar tabo a ciki. Gefen tabon nan ne wani lokaci yake kamawa gaba ɗaya, ya fara da wurin da ke kula da yatsa, ya ci gaba har ya game kai duka. Sai jiki ya sami saƙo ko'ina a lokaci guda, ya sandare, ya yi ta fizga, har wutar ta cinye ta mutu da kanta. Kumfar kuwa yawu ne kawai da ya kasa haɗiyewa, ba abin da ke cikinta.

“Ba a ɗaukarta a ƙwarya, ba a ɗaukarta a zane,” in ji ta. “In ta zo, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a cusa masa cokali a baki.”

Ta ba shi wasu ƙananan ƙwayoyi farare, safe da yamma. Ta ce za su sa shi jin barci, ba za su goge tabon ba, amma za su danne shi muddin bai daina sha ba. Ta hana shi giya, ta hana shi zama da yunwa da rashin barci. Ta ƙirga masa abu uku a yatsa: kada ya hau bishiya, kada ya zauna dab da wuta, kada ya shiga ruwa, ko da iya gwiwa ne.

Da a nan ta tsaya da na koma gida da farin ciki. Amma Theresa irin mutanen nan ne da in suka fara bayani sai sun kai ƙarshe.

“Kai naka da yatsa yake farawa. Wani tabon nasa a wajen kunne yake, inda ake jin wari. Shi sai ya ji ƙaurin abin da ba a ƙona ba, ko wani abu ya taso masa daga ciki. Wasu ma ba sa faɗuwa. Sai ka ga mutum ya ƙura ido, yana motsa baki, yana murza tufafi, ka kira shi bai ji ba. Can ya dawo, bai san ya tafi ba.”

Masu karatu, na ji kamar an zare mini ƙashin baya. Na riƙe bencin.

“Malama,” na ce, “wanda bai taɓa bugewa a kai ba fa? Wata ƙawata ce.”

“Ba sai an buge ba. Zazzaɓi mai zafi a ƙuruciya, in ya sa yaro jijjiga ta daɗe, yakan bar irin wannan tabon. Ki kawo ƙawar taki. Ƙaramar takan zama babba wata rana.”

Haggai ya ɗago ya dube ni. Amma na ga hankalinsa na kan ƙwayoyin da ke hannunsa.

Washegari da hantsi na sami Inna a wajen dutsen niƙa. Baba ya tafi gona, Rachel ta tafi itace. Na durƙusa gabanta na yaye zanena.

“Inna, mi yak kai ni murhu?”

“Ƙiriniya, na hwaɗa miki.”

“Ina nike zuwa in na tahi Wasagu?”

Hannunta ya tsaya a kan ɗan dutsen. Ta dubi ƙofa, ta dubi katanga, sannan ta koma yarenmu, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce ina shekara huɗu, Baba na Bama, zazzaɓi ya kama ni da damina. Na yi ta jijjiga tun ana tatsar shanu har rana ta take, ita kaɗai a ɗaki, ta toshe ƙofa da tabarma don kada maƙwabta su ji. Na warke. Bayan wata biyu ina zaune gefen murhu jijjigar ta sake ɗaukata, na faɗa kan garwashi. Daga nan babbar ba ta ƙara zuwa ba, sai 'yar ƙaramar. Ranar da wata maƙwabciya ta tambaye ta me ya sa nake ƙura ido haka, sunan Wasagu ne ya fara zuwa bakinta.

“Shekara goma sha biyu ina wanke ki, ina cin sauran tuwonki,” ta ce. “Da ana ɗauka da na ɗauka.”

“Ashe kin san ƙarya ce. Kika tsaya aka ƙone mini zane, kika ɗaura wa ƙwaryata zare.”

“Na sani.”

“Haggai na cin tuwo a sakaina, Inna.”

Ta kama wuyan hannuna, garin dawa ya manne mini. Ta ce in tuna Rachel, wadda samari suka fara zuwa tambayar golmonta. In aka ji ciwon a cikin gidanmu yake, ba wanda zai ɗaga garma dominta, ba wanda zai sayi gyaɗarmu, ba wanda zai zauna kusa da mu a coci. Baba kuma in ya ji ta ɓoye masa, a ranar za ta koma gidansu. Ta yi kuka, ta ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in rufa mata asiri kamar yadda ta rufa mini. Na tsane ta a lokacin nan, kuma na tausaya mata, duka biyun a zuciya ɗaya. Na ce to.

Theresa ta faɗi yunwa da rashin barci, ni kuwa na tara su duka tun ranar gona. Ranar Lahadi muna fitowa daga coci, mata sun cika fili da ɗankwalaye masu sitaci, ina sanye da farar rigata ta baftisma, sai na ji ƙaurin kaza. Na ce a raina bari ta zo ta wuce. Abin ya taso daga ciki, ya wuce ƙirji, ya wuce inda ya saba tsayawa.

Na farka a ƙasa. Harshena ya kumbura, bakina gishiri-gishiri, rigata ta jiƙe ta yi jar ƙasa, kaina kamar an sara da gatari. Mutane sun yi da'ira can nesa, iyaye sun rufe wa yara ido. Inna kaɗai ke kusa, ta kwantar da ni ta gefe, kamar wadda ta saba. Kafin in gane ko ina nake na ji maganar tana yawo.

“Ga shi nan. An ce kat ta taɓa shi.”

“Yaron Dabai ya gama da ɗiyar Dawuda.”

Inna ta ji, ta sunkuya tana goge mini baki da gefen zanenta.

Kafin la'asar ƙofar gidanmu ta cika. Dattawan unguwa sun zauna a kan gungume, samari na tsaye da sanduna suna cewa a je Dabai a ƙone bukkar. Ina kwance a ɗaki jikina duk ciwo, ina jin su ta tagar da ba ta fi tafin hannu ba. Can hayaniya ta ɗauke. Na ja jiki na leƙa.

Ba sai sun je ba. Haggai ne ya kawo kansa. Ya tsaya nesa da taron, ƙunshin kayansa a kafaɗa, garmarsa a hannu. Ya ajiye garmar, ya durƙusa a gaban Baba, mutumin da ko a fagen kokawa gwiwarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

“Baba, na ji abin da yaf faru. Malamar asibiti ta ce ba a ɗauka, ni kau na yarda da ita. Ga shi an ɗauka. Laihina ne. Ga garma, ku ba wanda kunka ga dama. Ba ku ƙara ganina.”

“Ina za ka?” in ji wani dattijo.

“Yawuri. An ce masunta na neman masu jan taru.”

Dattawa suka gyaɗa kai, wai ya yi hankali. Ni kaɗai a duk wurin na san abin da ya faɗa. Ina zaune a bencin nan lokacin da aka ce masa ko iya gwiwa kada ya shiga, shi kuma ga shi zai je ya hau jirgi a tsakiyar Kwara. Ba neman aiki zai je ba.

Na miƙe. Inna ta tare ƙofa.

“Saloma, kin ce to. Rachel fa?”

Rachel na rakuɓe a bayan randa tana kallona, idonta jawur. Ba zan ce muku ban yi jinkiri ba, na yi. Amma Haggai ya riga ya ɗauki ƙunshinsa ya juya baya. Na zame ta ƙarƙashin hannun Inna na fita, ba ɗankwali, ba takalmi. Mutane suka dare mini hanya, wannan kam ba sai na roƙa ba.

“Haggai, tsaya.”

Na tsaya gaban Baba da dattawa. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na kama gefen zanena na ɗaga har tabon ya fito fili, fari fat, a murɗe. Wani tsoho ya kawar da kai, wata mata ta yi salati irin na Musulmi duk da daga coci take.

“Wanga tabon ya girmi golmon Haggai,” na ce, harshena na kama haƙora. “Ba ƙiriniya ta kai ni murhu ba, ciwon ne. Tun ina shekara huɗu nike da shi. Duk ranar da kunka ji an ce Saloma ta tahi Wasagu, shi ne. Kun sha ruwa a ƙwaryata, kun ci tuwon hannuna. Wa yak kamu a cikinku?”

Kowa ya dubi na kusa da shi. Na jira Baba ya juya kan Inna, wadda ta zube a bakin ƙofa ta rufe kai. Bai ko dube ta ba. Ya tako har inda nake, ya matso kusa da ni fiye da yadda kowa ya matso tun ranar gona, ba alamar tsoro a tare da shi. Ya yi magana da yarenmu, a hankali, yadda ni kaɗai zan ji.

“Sauke zanenki. Kina zaton ban san Wasagu ba? Na ga irinta a Bama, ga wani da harsashi ya goga wa kai. Tun da na dawo nake kallon ki kina tafiya. Allah ya kawo mana wanda za a ɗora wa laifinta, ya ɗauke mana ita daga gida, ke kuma kina so ki dawo da ita.”

Ban taɓa jin sanyi irin na lokacin nan ba. Kafin in sami bakin magana ya juya ga jama'a, ya koma Hausa, ya ɗaga murya kamar yana fareti.

“Ku yi haƙuri, ciwon ya taɓa mata kai, sambatu takai. Tabon murhu ne, kowa ya sani. Monica, shigar da ɗiyarki.”

Na ga fuskokin sun saki. Sambatu ya fi sauƙin haɗiyewa da a ce shekara da shekaru suna shan ruwa a hannun mai farfaɗiya. Har wani ya ce Allah sarki.

Mutum ɗaya ne fuskarsa ba ta saki ba. Haggai na tsaye inda na tsayar da shi, yana kallona kamar yau ya fara ganina.

“Ƙawar taki,” ya ce. “Wadda kit tambayi Malama.”

Na gyaɗa kai.

Ya sauke ƙunshin daga kafaɗa ya ajiye a ƙasa. Ya tako a hankali, da irin tafiyar nan tasa mai ba da haushi da na ɗauka ta mutu, samari masu sanduna na ja da baya don kada bargonsa ya shafe su. Ya sunkuya a gaban Baba ya ɗauki garmarsa, ya saɓa ta a kafaɗa.

“Baba, huɗar gonar yamma ba a ƙare ta ba. Saura min damina guda. Gobe da sahe ina can.”

Baba ya dube shi. Hannunsa ya tafi kan ƙarfen ɗamararsa, ya fara kwance ta. Ni kuma a daidai lokacin, daga can ƙasan hancina, na fara jin ƙaurin kaza.